Gidiyon Mantel, likitan da ya bi sawun haƙorin dinozor

A ƙasar Ingila, kudu da birnin Landan, akwai wani ƙaramin gari da a ke ce ma Luwis. Garin yana tsakanin tuddai, ba nisa da teku. In aka haƙa tuddan nan, sai a tarar cikinsu fari fat, don kuwa duk dutsen alli ne. A wannan gari aka haifi Gidiyon Mantel, ran 3 ga watan Fabrairu na shekarar 1790.

Ubansa baduku ne, mai ɗinkin takalma. Ba matalauci ba ne, amma kuma ba ya cikin manyan gari. Ban da haka, ɗarikar da ya ke bi dabam ta ke da ta sarkin Ingila, saboda haka ba a karɓi ɗansa a babbar makarantar garin ba. Wata mace ce ta fara koya ma Gidiyon karatu a gidanta. Daga baya aka aika da shi wurin wani ɗan'uwan ubansa, ya ƙara ilmi.

Tun yana ƙarami, in ya sami sarari sai ya nufi ramukan da a ke haƙar alli. A can ya kan tsinci abubuwa masu ban mamaki: ƙwanson dabbobin teku, da haƙoran kifi, da wasu masu kama da katantanwa a nannaɗe. Duk sun zama dutse. Masana suna ce ma irin waɗannan abubuwa fosil, wato saura na dabba ko na tsiro wanda ƙasa ta binne tun zamanin da, har ya daskare ya koma dutse. Yaro ya kan cika aljihunsa da su, ya kawo gida, ya wanke, ya jera.

Aikin likita

Da ya kai shekara 15, aka ba da shi ga wani likitan garin, Jemis Mur, don ya koyi aiki. Shekara 5 ya yi yana share ɗakin magani, yana haɗa magunguna, yana cire haƙori, yana ɗaure karaya. Ubansa ya rasu a 1807, ya bar masa ɗan kuɗi. Da su ya tafi Landan ya ƙarasa karatu, ya sami takardar shaidar likita a 1811, ya komo gida.

Aikin ya yi masa yawa. A kowace shekara ya kan karɓi haihuwa 200 zuwa 300, ga marasa lafiya a ƙauyuka, ga tafiya bisa doki cikin ruwa da sanyi. Duwatsunsa kuwa sai da dare ya ke samun zama da su, a gaban fitila, bayan kowa ya yi barci. A 1816 ya auri Meri An Wudhaus. Ita ma ta shiga aikin. Ta iya zane ƙwarai, kuma ita ce ta zana hotunan littafinsa na farko, wanda ya fito a 1822, a kan fosil na tuddan ƙasarsu.

Ramin Kukfil

Kimanin kilomita 20 daga Luwis akwai wani ƙauye, Kukfil. Kusa da shi akwai rami inda a ke fasa dutse don gini da gyaran hanya. Wajen 1819 Mantel ya fara samun kaya daga wannan rami. Ya shirya da masu fasa dutsen, in sun ga wani baƙon abu su ajiye masa, shi kuma ya biya su.

Nan da nan ya lura kayan Kukfil ba irin na alli ba ne. A cikin alli, dabbobin teku kaɗai a ke samu. A Kukfil kuwa sai ga ganyaye, da kututturan itatuwa, da ƙoƙon kififiya, da haƙoran kada, da gutsattsarin wasu ƙasusuwa manya-manya. Ashe a wani zamani wurin ba teku ba ne, bakin wani babban kogi ne, a ƙasa mai zafi.

Cikin kayan nan aka sami haƙoran da suka canza rayuwarsa. Akwai labarin da a ke yawan bayarwa, wai wata rana a 1822 Meri An ta raka mijinta duba maras lafiya, tana jiransa a waje sai ta ga wani abu yana ƙyalli cikin tarin duwatsun gyaran hanya, ta ɗauka, ashe haƙori ne. Labarin yana da daɗi, amma masu binciken tarihi da suka duba takardun Mantel suna shakkarsa, don sun ga alamar yana da irin haƙoran tun kafin wannan shekara. Shi kansa ya taɓa rubuta cewa matarsa ce ta fara tsinta, daga baya kuma ya ce shi ne. Ko ma wa ya tsinta, akwai abu guda da ya kamata a riƙe. Tarin dutsen bakin hanya ba nan ne asalin dutse ba. Kawo shi aka yi a amalanke. Wanda ya tsinci haƙori a irin wannan tari, sai ya nemi ramin da aka faso shi, sa'an nan a cikin ramin ma ya nemi daidai wurin da ya fito.

Haƙorin da ya ƙi shiga lissafi

Haƙorin bai fi babban yatsan mutum tsawo ba, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu. Samansa ya cinye, ya yi sumul, a karkace. Duk wanda ya taɓa ganin dillali yana buɗe bakin sa ko raƙumi a kasuwa ya san ma'anar wannan. Dabbar da ke tauna ciyawa da ganye, haƙoranta su kan goge juna har su cinye. Mantel likita ne, bai ɓata lokaci ba ya gane mai wannan haƙori ganye ya ke ci, kuma ƙato ne.

To, a nan matsala ta ke. A sanin mutanen wancan zamani, manyan dabbobi masu tauna ganye duk masu shayarwa ne, kamar giwa da dorina da karkanda. Masu jan ciki, irin su kada da damo da guza, ba su tauna, haɗiya su ke yi. Kuma ba a taɓa samun ƙashin babbar dabba mai shayarwa a cikin tsoffin duwatsu irin na Kukfil ba.

Don a gane wannan, sai a tuna da masu ginar rijiya. In sun fara gina, su kan ci karo da rairayi, sa'an nan laka, sa'an nan tsakuwa, sa'an nan dutse. Ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa ce, wata bisa wata, kamar tabarmin da aka jibga. Wadda ke ƙasa ita aka fara shimfiɗawa, ita ce tsohuwa. Ta sama ita ce sabuwa. Saboda haka in an san shimfiɗar da ƙashi ya fito, an san ko tsoho ne ko sabo. In ba a sani ba, ƙashin ba ya iya ba da labarin kansa.

A ramin Kukfil akwai tsohon dutsen yashi a ƙasa, wanda yanzu aka san ya haura shekara miliyan 130. A bisansa kuma akwai ƙasa da tsakuwa na baya-bayan nan. In mai fasa dutse ya daki bangon rami, na sama da na ƙasa su kan zubo tare su gauraya. Ina shaidar haƙorin daga ƙasa ya fito, ba daga sama ya gangaro ba?

Manya sun ƙi yarda

A watan Mayu na 1822 Mantel ya ɗauki haƙoran ya kai Landan, wurin taron ƙungiyar masana duwatsu. Suka jujjuya su, ba su ga wani abin mamaki ba. Wasu suka ce na wani babban kifi ne. Wasu suka ce na dabba mai shayarwa ne, daga tsakuwar sama. Wiliyam Baklan, babban malami a jami'ar Okusfod, ya gargaɗe shi kada ya yi gaggawar buga wani abu, tun da ba a tabbatar da shimfiɗar da suka fito ba.

Wannan ya yi ma Mantel zafi. Shi likitan ƙauye ne, ɗan baduku, su kuwa masu kuɗi ne da manyan malamai. Amma a gaskiya tambayar da suka yi tana kan hanya. Mafi yawan kayansa saye ya yi daga hannun leburori, ba shi ya ciro su da hannunsa ba.

Yana da wani aboki saurayi, Carls Layel, wanda daga baya ya zama babban masanin duwatsu. A watan Yuni na 1823 Layel ya tafi Faransa da haƙori guda, ya kai ma Jorj Kuviye a birnin Paris. A lokacin nan duk Turai babu wanda ya kai Kuviye sanin ƙasusuwan dabbobi. Ana cewa in an ba shi ƙashi guda, ya kan faɗi irin dabbar da ke da shi. Kuviye ya duba, ya ce haƙorin gaba ne na karkanda. An ce washegari ya fara shakkar maganarsa, amma amsar farko ita ce ta isa kunnen Mantel. Wasu ƙasusuwan ƙafa da aka nuna masa kuma ya ce na dorina ne.

Wani da ya ji haka daga bakin Kuviye, da sai ya zuba haƙoran cikin akwati ya rufe. Mantel ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma bai bari ba. Ya gane gardama da baki ba za ta yi amfani ba, shaida a ke nema.

Komawa rami

Sai ya dinga komawa Kukfil. Ya roƙi masu fasa dutse, in sun ga haƙori kada su ɓanɓare shi, su bar shi manne da dutsen da ya ke ciki. Ta haka duk wanda ya ga haƙorin zai ga uwar dutsen tare da shi, ya gane na ƙasa ne, ba tsakuwar sama ba. Ya lura da abubuwan da ke kwance tare da haƙoran cikin shimfiɗa guda, su kififiya da kada da ganyaye. Shi da Layel kuma suka bi diddigin shimfiɗun yankin, don su nuna dutsen Kukfil yana ƙarƙashin alli, wato ya girmi alli. A 1824 wani masani, Wiliyam Fiton, ya buga bincike wanda ya daidaita jerin shimfiɗun nan.

Haƙuri ya biya. Aka samo wasu haƙoran waɗanda ba su cinye ba, sababbi, waɗanda dabbar ba ta riga ta yi tauna da su ba. Siffarsu kamar ganye, gefensu da ƴan tsini-tsini kamar bakin zarto. Babu karkandar da ke da irin wannan haƙori. Mantel ya jera su, daga sabo zuwa wanda ya fara cinyewa zuwa wanda ya cinye sarai, ya nuna duk na dabba iri ɗaya ne. Ya sake aika ma Kuviye.

A watan Yuni na 1824 amsa ta zo. Kuviye ya ce bai san waɗannan haƙora ba, kuma mai yiwuwa na wata sabuwar dabba ne, mai jan ciki wadda ke cin ganye. Bai tsaya nan ba, a cikin littafinsa ya rubuta a fili cewa da farko ya yi kuskure. Ba kowane babban malami ke iya yin haka ba.

Saura a san kamannin dabbar. A watan Satumba na wannan shekara Mantel ya je gidan ajiye ƙasusuwa na ƙungiyar likitocin Landan. Ya yi ta buɗe akwatuna yana gwada haƙoransa da na dabbobi iri-iri, bai sami mai kama ba. Sai wani saurayi ma'aikacin wurin, Samuwel Stacbari, ya nuna masa iguwana. Iguwana wani babban ƙadangare ne na ƙasashen zafi na nahiyar Amurka, ya yi kusan girman damo, ganye ya ke ci. Da aka duba bakinsa, sai ga haƙora masu siffar ganye da gefen zarto. Bambancin kawai, na Mantel sun ninka su wajen sau 20.

Aka raɗa ma dabbar suna Iguwanodon, wato mai haƙorin iguwana. Ran 10 ga Fabrairu 1825 aka karanta takardar Mantel a gaban babbar ƙungiyar masana ta Ingila, kuma kafin shekara ta ƙare aka ɗauke shi cikin ƙungiyar. Iguwanodon ita ce ta biyu da aka ba suna cikin irin waɗannan dabbobi. Ta farko ita ce Megalozor, mai cin nama, wadda Baklan ya bayyana a 1824. Kalmar dinozor kuwa ba a ƙirƙiro ta ba tukuna.

Mantel ma ya yi nasa kuskuren. Ya yi lissafi, in haƙori ya ninka sau 20, jiki ma haka, sai ya ce dabbar za ta kai mita 18. Yanzu an san ba ta cika wuce mita 10 ba. Akwai kuma wani ƙashi mai tsini da ya samu. Da ya zana dabbar, sai ya ɗora mata shi a kan hanci kamar ƙahon karkanda.

Suna ya tashi, gida ya watse

A 1833 ya ba wata dabbar suna, Hilewozor, mai sulke a baya. A wannan shekara ya ƙaura zuwa Biraiton, garin masu kuɗi a bakin teku, yana fatan samun marasa lafiya masu biya. A 1834 aka fasa wani dutse da albarushi a garin Medston, sai ga ƙasusuwa da yawa na dabba guda tare da haƙora irin nasa. Abokansa suka haɗa fam 25 suka saya masa.

Gidansa ya cika da duwatsu har ya zama gidan kallo. Mutane suna ta zuwa ganin ƙasusuwa, amma masu neman magani kaɗan ne. Bashi ya hau kansa. Tilas ya sayar da tarin da ya yi shekaru yana tarawa ga babban gidan tarihi na Landan, a kan fam 4000. A 1839 Meri An ta bar gidan, ba ta komo ba. A shekarar kuma ɗansa Walta ya yi ƙaura zuwa Niyu Zilan, can ƙarshen duniya. A 1840 ɗiyarsa Hana, wadda ya ke ƙauna ƙwarai, ta rasu. A 1841 ya faɗo daga keken doki, ƙashin bayansa ya lalace, bai ƙara rabuwa da ciwo ba.

Ana cikin haka wani masani ya taso a Landan, Ricad Owen. Gwani ne na gaske, amma ba ya son a ambaci kowa sai shi. A 1842 ya haɗa Megalozor da Iguwanodon da Hilewozor ya ce dangi guda ne, ya sa musu suna dinozor, wato ƙadangare mai ban tsoro. Biyu cikin ukun nan Mantel ne ya gano su, duk da haka Owen ya yi ta rage darajar aikinsa. Owen ya ce Iguwanodon tana da ƙafafu huɗu masu kauri kamar na giwa. Mantel, yana fama da ciwo, ya nuna ƙafafunta na gaba sun fi na baya ƙanƙanta da sirantaka. Shi ke da gaskiya. A 1849 aka ba shi lambar girma ta babbar ƙungiyar masana.

Don ya sami sauƙin ciwon baya ya kan sha ofiyom, wani magani mai kashe zafi, mai haɗari. Wata rana ya sha fiye da kima. Ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1852, yana da shekara 62.

Abin da ƙasa ta nuna daga baya

A 1878, a ƙasar Beljik, masu haƙar gawayin ƙasa a garin Barnisar suka ci karo da ƙasusuwa a zurfin mita 322. Aka fito da ƙwarangwal wajen 30 na Iguwanodon, da yawa cikakku. Kafin a ɗaga kowane, sai da aka zana yadda ya ke kwance, aka sa ma kowane gutsure lamba. A nan aka ga inda ƙashin nan mai tsini ya ke zaune. Ba a hanci ya ke ba, babban yatsan hannu ne.

Dangin wannan dabba sun yi zamani a ƙasar Nijar ma. A Gadufawa, cikin Tenere, kudu maso gabas da Agadas, akwai wurin da ƙasusuwan dinozor ke kwance bisa rairayi. Wani masani Bafaranshe, Filip Take, ya yi aiki a can tun daga 1965, kuma a 1976 ya ba wata dabba suna Uranozor ta Nijar. Tsawonta wajen mita 7, ganye ta ke ci, tana da dogayen ƙasusuwa a gadon baya, ga kuma ɗan tsinin nan a babban yatsa. Lambar da aka sa ma ƙwarangwal ɗin ita ce GDF 300. Haruffan nan uku gajarta sunan Gadufawa ne, don duk wanda ya ɗauki ƙashin, ko bayan shekara ɗari, ya san inda aka haƙo shi. Haka masu wannan aiki su ke yi yanzu: su rubuta wuri, da shimfiɗa, da rana, su ɗauki hoto, kana su taɓa ƙashi. Haƙorin da aka saya a hannun ɗan kasuwa ba tare da wannan bayani ba, ko ya kai yaya kyau, masana ba su iya kafa hujja da shi.

A 2007 aka raɗa ma wani dinozor na Ingila suna Mantelizor, don tunawa da likitan Luwis. Ɗaya daga cikin haƙoransa na farko kuwa ya yi doguwar tafiya. Bayan rasuwarsa an aika ma ɗansa Walta da wasu kayansa, shi ya sa haƙorin ya ke ajiye a gidan tarihi na birnin Welintan, a Niyu Zilan. Ramin Kukfil an daɗe da cike shi. A shekarar 2000 aka kafa wani dutse mai ɗauke da sunan Mantel a wurin, kusa da filin da yaran ƙauyen su ke buga ƙwallo.